Haɗa akori-kura mai jan ƙafa huɗu a garejin gida: tambayoyi da amsoshi

Sana'ata walda, a Argungu. Ƙofofi da tagogi da amalanke da tankin ruwa su ne abincina. Motar da ake ta tambayata a kanta wata tsohuwar Hilux ce da na tsinta a hannun 'yan gwangwan, bayanta ya ruɓe, na ja ta gida na yi wata bakwai ina ɗinke ta da yamma bayan an tashi aiki. Yanzu da ita nake fito da shinkafa shanshera daga fadama. Duk inda na tsaya, ko gidan mai ko bakin kasuwa, sai wani ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta sannan ya soma tambaya. Ga waɗanda aka fi yi, da abin da nake faɗa.

Wai da gaske kai ka ƙera ta gaba ɗaya?

A'a. Inji da giya da aksil biyu da shasi duk na Toyota ne. Abin da hannuna ya yi shi ne akorin baya, ƙarfen da ke kare gidan direba, bamba gaba da baya, mataka, akwatin kayan aiki, da gyaran wuraren da tsatsa ta ci a shasi. Duk mai waldar da ya ce maka zai zuba maka aksil ko giya da injin waldarsa, ka yi masa sallama.

Wace mota ta fi dacewa a ɗora aikin a kanta?

Wadda ke da shasi daban, bodi daban, kuma kayanta suna nan a kasuwa. A nan yankinmu maganar takan tsaya kan motoci biyu.

Hilux ta fara fitowa a 1968, mai jan ƙafa huɗun kuma a 1979. Wadda na fi so ita ce ta tsakanin 1988 da 1997, mai lamba LN106, mai injin gas 3L lita 2.8. Aksil ɗinta na gaba sanda ɗaya ne miƙaƙƙe a kan sifirin ganye, irin na baya. Babu kwamfuta a jikinta, babu abin da bakaniken Kangiwa ko na Kamba bai taɓa kwancewa ba. Tawa ke nan.

Ta biyu Land Cruiser jerin 70, wadda aka fara a 1984. Mai akori, lamba 75 ko 79, da injin 1HZ mai silinda shida lita 4.2, ta fi Hilux ƙarfi da jure lodi nesa ba kusa ba. Amma ko gawarta sai ka shirya, kuma tana shan mai daidai girmanta.

Dattawa sukan kawo mini maganar Peugeot 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna. Mota ce mai albarka, ta ciyar da gidaje da yawa. Sai dai da ƙafar baya kawai take ja. Akwai wani kamfani a Faransa, Dangel, da ya riƙa mayar da ita mai jan ƙafa huɗu, amma ni ban taɓa ɗora idona kan kayan irinta a wata kasuwa ba.

Ina da Hilux mai jan baya kawai. Za a iya mayar da ita fowil, wato mai jan ƙafa huɗu?

Za a iya, amma da wuya lissafin ya fita. Gabanta daban yake: kowace ƙafa da nata hannun, ba wurin rataya sifirin ganye. Sai an yanke wannan duka, an ƙera sababbin marataya, an sayi aksil na gaba, giya mai akwatin ogzileri (shi ne ke tura ƙarfin inji zuwa ƙafafun gaba), furofela biyu (sandunan da ke kai juyi daga giya zuwa aksil), an sake tsarin sitiyari, sannan a canza ƙafafun baya don ramukan noti su zo ɗaya. Kafin ka gama ka kashe kuɗin wata motar. Gara ka sayar da ita ka nemi gawar da aka haife ta da ogzileri.

In kuwa aksil ɗaya ne kawai ya mutu za ka sayo wani, to ga inda na faɗa rami. Dole haƙoran cikin tukunyar aksil, wato kumburin nan da ke jikinsa, na gaba da na baya su zama lissafi ɗaya. Toyota tana da iri-iri: babban haƙori 41 ƙarami 10 shi ne 4.10; 43 da 10 shi ne 4.30, 41 da 9 shi ne 4.56, 39 da 8 shi ne 4.88. Na sayo aksil na gaba daga wani dillali da ya rantse mini cewa duk ɗaya ne. Na ɗaura. A kan hanya lafiya lau, don gaba ba ya aiki. Ranar da na sa ogzileri a wata busasshiyar hanya sai motar ta riƙa tirjewa kamar jakin da aka ɗaure wa ƙafa, tayoyi suna kartar ƙasa. Ashe gaba 4.56 ne, baya 4.10, ƙafafun baya suna son wuce na gaba. Sati biyu da kuɗin mota zuwa Kano ya ci mini.

Gwajin ba wuya. Ka ɗaga ƙafa ɗaya da jak, ɗayar tana ƙasa, giya a firi. Ka sa alli a taya, ka sa a furofela. Juya tayar sau biyu cif, kana ƙirga zagayen furofela. In ta yi huɗu da ɗan ɗoriya, 4.10 ce. In ta yi huɗu da rabi da 'yar wucewa, 4.56. A kasuwa kuwa ka sa a buɗe a ƙirga haƙoran a gabanka.

Me zan duba a jikin shasi kafin in biya?

Tafi da guduma da tef da tocila. Ka bubbuga shasin tun daga gaba har baya. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sautinsa kamar kwalin taliya. Inda aka fi samun ciwo shi ne wajen maratayan sifirin baya da kusa da tankin mai, don laka tana shiga ciki ta kwana da damshi. Motocin da suka yi rayuwa a Turai, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, sukan ruɓe daga ciki alhali waje yana ƙyalli da baƙin fenti.

Sai awo. Ka zaɓi rami ɗaya a gaba ta dama ka ja tef zuwa takwaransa na baya ta hagu, sannan ka yi akasin haka. In bambancin ya wuce 'yan milimita, motar ta taɓa cin karo, kuma za ta yi ta tafiyar kaguwa tana cin taya.

Ka duba lambar shasi da idonka, ta yi daidai da ta takarda. Ka kuma duba ko an juya mata sitiyari. Tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, don haka motar da aka yi wa ƙasashen da ke bin hagu sai an juya ta, kuma na sha ganin inda aka yi juyin da ɗigon walda huɗu a kan mazaunin akwatin sitiyari. Irin wannan ko kyauta ba na so.

Ana iya yanka shasi a ƙara tsawo don akori ya ɗauki kaya da yawa?

Ana yi. Ni ban yi wa tawa ba, kuma sau uku kacal na yi wa wasu. Ƙara tsawo ba ya ƙara wa aksil da birki ƙarfi, wuri kawai yake ƙarawa, wuri kuma yana kiran lodi. Ga shi doguwar mota cikinta yakan zauna a kan tudun kunya ko gaɓar rafi, ƙafafu suna lilo.

In ya zama dole, ga yadda nake yi. A ɗora shasi kan majingina a wuri mai lebur, a ɗaure bangarorin biyu da ƙarfe don kada su motsa in an yanka. Ba a yin yankan tsaye daga sama zuwa ƙasa. A karkace ake yi, don nauyi ya bazu a kan doguwar walda. A fiƙe bakin ƙarfen da giranda yadda wuta za ta ratsa har ciki. A yi walda kaɗan a dama, a koma hagu, a bari ya huce, saboda zafi yana jan ƙarfe ya lanƙwasa shi. Bayan nan a ɗora faci a gefe, mai kauri daidai da na shasin, mai tsini a ƙarshensa biyu kamar kifi, kusurwoyinsa a goge. Facin da ƙarshensa ya tsaya ɗoɗar yana tara duk wahalar a layi ɗaya, kuma daidai wannan layin shasin zai tsage wata rana, galibi ranar da kake da lodi a nesa da gari. Ba a huda rami ko jan walda a gicciye a leɓen sama da na ƙasa, can ne ƙarfin shasi yake.

Kuma ka tuna furofela ma sai an ƙara mata tsawo. Wannan aikin mai injin tona ne, wato injin da ke juya ƙarfe yana fiƙe shi, a daidaita ta ta daina rawa. Wadda aka haɗa da ido a ƙasan bishiya tana cinye boris cikin wata guda.

Wane kaurin ƙarfe ya kamata a yi akori da shi?

Nan ne muke yawan saɓawa da masu mota. Wani Alhaji daga wajen Augie ya kawo mini tasa, ya ɗaga fallen milimita 2 da hannu ɗaya ya girgiza shi, ya ce, "Malam, wanga ai kwano na. Sa min mai kauri, ban son abin da za ya lotse." Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, bari mu yi lissafi tukuna."

Fallen ƙarfe na kasuwa ƙafa 4 ne a ƙafa 8. Mai milimita 2 nauyinsa kusan kilo 47, mai 3 kusan kilo 70, mai 4 kusan kilo 93. Daɓen akori da bangonsa sukan ci kamar falle uku. Da mai 2 ka ɗora wa mota kilo 140, da mai 4 kuwa kilo 280. Hilux irin wannan abin da aka yi ta ta ɗauka bai wuce tan ɗaya ba, har da direba da yaron mota. Wato bambancin kilo 140 nan kusan buhu biyu ne na shanshera da za a bari a gona kowane sawu, ko kuma a ɗora su a kan wuyan sifirin. Ka ninka da sawun kaka guda. Alhaji ya yi shiru, ya ce a sa mai 2 ɗin.

Ƙarfin daɓe daga haƙarƙarin da ke ƙarƙashinsa yake zuwa. Ni nakan jera faif mai kusurwa huɗu, milimita 40 ko 50, a gicciye, tazarar kamu biyu tsakaninsu, a kan dogaye biyu da suka bi shasi. Bango kuma in an kai falle wurin mai lanƙwasa ya yi masa ƙugiya biyu ko uku a tsawonsa, sai ya tsaya ƙyam kamar mai ninkin kaurinsa. Dubi kwanon rufi: takarda ne, lanƙwasar ce ke riƙe shi.

Akwai kuma katako. Masu manyan motoci a zamanin baya ba su yi wauta ba da suka riƙa yin bodin katako. Buhu ba ya zamewa a kansa, dabba tana samun wurin kafa kofato, ba ya ɗaukar zafin rana yadda ƙarfe ke yi, in guda ya karye a cire a sa wani. Daɓen tawa katako ne a kan haƙarƙarin ƙarfe.

A yi wa akorin walda a jikin shasi, ko a ɗaure?

A ɗaure, da kusoshi masu lamba 8.8 ko 10.9 a kansu, a sa roba ko yankin tsohuwar taya a tsakani. Shasi yana murɗawa in mota ta hau gargada, haka aka yi shi. In ka manne masa akori da walda ka hana shi, to ɗayansu zai tsage.

Wace sandar walda kake amfani da ita?

Ta yau da kullum, 6013, geji 12 ga falle da siririn faif, geji 10 ga abin da ya fi kauri. Tana kamawa da sauƙi, ɓawonta yana tashi da kansa. Amma shasi da maratayan sifirin da ƙugiyar ja, 7018 nake sa musu. Ta fi tsada, ta fi gardama wurin kamawa, kuma ba ta shiri da damshi: in ta sha iskar damina sai waldar ta fito da ƙananan ramuka. Kwalin da aka buɗe a Agusta aka ajiye a ƙasa ba na shasi ba ne kuma.

Wuta ma abin lura ce. In wutar gari ta zo da rauni, ko janareto ƙarami ne, sandar takan yi ta liƙewa, narkakken ƙarfen ya kwanta a sama kamar kashin kaza bai shiga ciki ba. A ido an yi walda. Ranar da za a taɓa shasi nakan yi hayar babban janareto.

Kafin ka kunna, cire kan batir. Wayar at kuma, wato wayar injin walda da ake maƙalawa a jikin ƙarfe, ka maƙala ta kusa da inda kake aiki. In ka maƙala a nesa wutar takan bi ta cikin boris ta ƙona shi, ba za ka sani ba sai ya fara kuka bayan wata biyu. Kuma ka sa gilashin walda na ƙwarai. Duk yaron da ya taɓa kwana yana jin kamar an zuba masa yashi a ido ya san dalili.

Akwai abin da ba ka taɓawa da wuta ko nawa za a biya ka?

Akwai: hannun sitiyari da sandunansa, ganyen sifirin, da rim ɗin da taya ke kansa. Waɗannan na farko an gasa su ne a masana'anta zuwa wani tauri, wuta tana lalata shi, su karye ba gargaɗi. Rim mai taya kuwa zafi yana kumbura iskar ciki har ta fashe a fuskar mutum.

Sai tankin mai. Wanda babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, don tururin ne ke tashi. Maigidana da ya koya mini aiki yana da tabo tun daga kunne har wuya, kuma duk sabon yaro sai ya nuna masa kafin ya ba shi sanda.

Ina son in ɗaga ta sama in sa manyan tayoyi. Me ka gani?

Don kwalliya, ka ji daɗinka. Don aiki kuwa kaɗan ya isa. Duk yadda ka ɗaga bodi, tukunyar aksil tana nan inda take, tsayin taya ne kaɗai ke ɗaga ta. Motar da aka ɗaga sosai aka kuma jibga wa buhuna har sama da gidan direba, kwana ɗaya mai kaifi ya ishe ta. Manyan tayoyi suna rage wa inji ƙarfin ja, suna wahalar da birki, suna karya gaɓar aksil na gaba. Ni 7.50R16 nake sawa, doguwa siririya, tana yanka laka ta taɓa ƙasa mai tauri.

A yashi irin na ƙananan hukumomin Arewa da Dandi dabarar ba ta girman taya ba ce, ta rage iska ce. Ka sauke ta zuwa wajen 20 a geji, ka tafi a hankali, in ka fito kan kwalta ka nemi mai faci ya mayar. In kana sayen taya ta hannu, duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta: biyun farko sati, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.

Me ya sa ake cewa kada a bar ogzileri a kan kwalta?

Saboda a irin waɗannan motocin, in ka sa shi gaba da baya sun zama a kulle, dole su juya tare. A kwana kuwa ƙafafun gaba sun fi na baya tafiya. A laka ko yashi taya takan ɗan zame ta sauke bambancin. A kwalta babu zamewa, sai ƙarfen ciki ya yi ta murɗewa har wani abu ya ba da kai. In ka fito daga fadama ka cire, ka sauka ka mayar da hob biyu, wato makullan da ke tsakiyar ƙafafun gaba, kan firi. In sandar ta ƙi fita, ja da baya kaɗan.

Za ta iya ratsa ruwa?

Gwargwado. Injin gas in ya shaƙi ruwa ta iyakilina, ko kofi ɗaya ne, yana iya lanƙwasa sandar fistin. Shi ya sa na ja bututun iska ya hau gefen gilashi, wanda kuma yana rage shan ƙura da rani. Amma mutane suna mantawa da aksil. Kowane yana da ɗan ramin numfashi a sama. In ya yi zafi ya faɗa ruwan sanyi sai ya zuƙo ruwa ciki. Na sa musu siririn tiyo na kai sama. Duk da haka bayan kowace damina nakan kwance in duba, in man ya koma kamar kunun gyaɗa a zubar.

Ruwa mai gudu kuwa, irin wanda Gulbin Rima ke turowa fadama a Agusta da Satumba, ba na shiga. Nakan tura yaro da sanda, in ya wuce gwiwa a nemi kwalekwale.

Bamban nan naka mai ramuka, ado ne?

Gyaran kuskure ne. Na farko da na yi falle ne rufe ruf, gwanin kyau. Cikin Afrilu, rana tana sama da 40, na ɗauko lodi zuwa Birnin Kebbi, kafin rabin hanya allurar zafi ta miƙe. Na toshe wa lagireto iska da hannuna. Injin 3L kuwa ba ya yafe zafi, kansa yakan tsage. Allah Ya sa na tsaya da wuri. Washegari na sa giranda.

Takardu fa? Jami'ai ba sa tsare ka?

Suna tsarewa, kuma a halin tsaron da ake ciki ban ga laifinsu ba. Hilux mai baƙon fasali dole a tambaye ta. Abin da ke raba ni da su lafiya shi ne takardun kwastan na asali, rasit ɗin sayen gawar da na injin, da lambar shasi da ban bari giranda ko fenti ya kusance ta ba. In ka canza inji ko launi, ka je ofishin lasin a gyara a takarda, 'yan VIO su duba ta. Fitilu da sigina da lamba a baya su kasance a inda za a gan su, kada akori ya rufe. Kada ka kuskura ka yi mata koren fenti irin na soja, doka ta hana. Tawa fara ce da shuɗin akori.

Nawa zan tanada?

Ba na faɗin adadi, don farashin ƙarfe na wannan watan ba shi ne na watan jiya ba. Abin da zan ce, akorin da kowa ke kallo shi ne mafi araha a aikin. Kuɗin yana tafiya ne a inda ba a gani: birki, boris, bushin, tamin bel, lagireto, tayoyi biyar. Ka fara da waɗannan. Falle da faif akwai su a Birnin Kebbi da Jega, kayan aksil da giya kuwa ni Ƙofar Ruwa a Kano nake zuwa, wasu kuma Panteka a Kaduna. Ka tafi da tsohon abin a buhu ka gwada a wurin.

Buhu nawa take ɗauka?

Goma nake sawa in hanya ta bushe, takwas in akwai laka, masu nauyin a gaba kusa da gidan direba, kada su taru a bayan aksil su ɗage mata hanci. Yaran lodi kullum sai sun ce, "Oga, akwai sauran wuri fa." Nakan ce su durƙusa su dubi sifirin baya. In ganyen ya miƙe sambal har robar ta kusa taɓa aksil, a sauke ɗaya, ya jira sawu na biyu.